Guntayen Plautus da Darasin Gaggawa

Akwai masu ganin cewa ɓata lokaci ne malami ya duƙufa a kan yagaggiyar fata mai layi goma, alhali wasannin barkwancin Rumawa suna nan a buge cikin littattafai. Masu wannan ra'ayi sun manta cewa bugaggen littafin kansa a kan irin waɗannan guntaye ya tsaya.

Plautus ya rasu wajen shekara ta 184 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga wasanni 21 da magabata suka tabbatar nasa ne, 20 suka iso da dama-dama, amma Aulularia ba ta da ƙarshe, kuma akwai babban giɓi a tsakiyar Amphitruo. Na 21, wato Vidularia, ɓurɓushi kawai ya rage.

Kwafin da ya fi tsufa an rubuta shi wajen ƙarni na 5. Daga baya aka kankare fatar, aka rubuta wani sashe na Baibul a kanta, domin fata tana da tsada. A 1815 Angelo Mai ya gano rubutun da ke ƙarƙashi a ɗakin karatu na Ambrosiana da ke Milan. Don haruffan su fito, ya shafa musu sinadari. Sun fito na ɗan lokaci, sannan shafuka da yawa suka yi baƙi. Wilhelm Studemund ya shafe shekaru yana tsintar harafi ɗaya-ɗaya daga abin da ya saura, har ganinsa ya raunana, aka buga aikinsa a 1889.

Darajar wannan kwafi ita ce asalinsa dabam ne da na sauran kwafe-kwafen da aka yi ƙarnoni bayansa. Inda suka saɓa, mai nazari yana samun shaida ta biyu, kuma mafi yawan abin da aka sani na Vidularia daga gare shi ya fito.

Ba a musun cewa Mai ya buɗe ƙofa. Amma da ya bar fatar yadda ya same ta, da na'urorin ɗaukar hoto da haske iri-iri na wannan zamani sun karanta ta ba tare da an taɓa tawadar ba. Saboda haka wajibin duk mai riƙe da tsohuwar warƙa, ko an ciro ta daga bangon wani littafi ne, shi ne ya adana ta, ya rubuta inda aka same ta, ya bar wa masu zuwa abin da idonsa ya kasa karantawa.