Wa Ya Ce Yaro Ba Ya Sadaka?

'Yan uwa Musulmi, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan makon abu ne da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba. Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sallame salla, ina tsaye a ƙofar masallaci da jaridu a hannu kamar yadda muka saba, sai ga wani bawan Allah ya fito cikin shadda mai maiƙo, yana riƙe da hannun ɗansa wanda ba zai wuce shekara bakwai ba. Suka zo wucewa ta gaban wani tsoho makaho da ke zaune a jikin katanga. Yaron nan ya cusa hannu a aljihu ya zaro naira 50 zai jefa a ƙoƙon tsohon. Wallahi kafin kuɗin su bar hannunsa uban ya make hannun, ya ce, "Kai, mai da kuɗinka aljihu! Kai har nawa kake da za ka yi sadaka? Haka za ka tashi ba ka san zafin nema ba." Yaron ya mai da kuɗin, ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata.

Subhanallah! Daga cikin masallaci fa suka fito, goshin uban ko ƙurar sujada bai kakkaɓe ba. Na so in yi magana, amma sa'an mahaifina ne, sai na yi shiru. Shirun nan ne ya hana ni sukuni, shi ya sa na kawo maganar nan, domin na tabbata wannan bawan Allah ba shi kaɗai ba ne. Abin da ya yi a fili da yawanmu muna yin sa a cikin gida ba tare da mun lura ba.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, a kan me muke tarbiyyar 'ya'yanmu game da kuɗi? A kan karɓa. Ranar Sallah mu yi musu ado mu sake su gida gida karɓar barka da Sallah, su dawo mu zauna muna ƙirgawa muna dariya, wanda ya fi tarawa shi ne mai wayo. Baƙo ya zo gida, yaro ya laɓe a zaure yana jiran abin da za a ba shi in an zo tafiya. Ranar Juma'a wata ta soya waina ko ta yi gumba, a leƙa waje a ce yara su zo ga sadaka, su taho a guje suna ture juna. Ban ce waɗannan abubuwa haramun ne ba, akwai zumunci da alheri a cikinsu. Abin da nake cewa shi ne a duk cikinsu hannun yaron nan a ƙasa yake. Shekara goma sha biyar yana miƙa hannu a zuba masa, ba a taɓa ce masa ga ranar da kai ma za ka ɗaga naka ka zuba wa wani ba. Alhali tun a Islamiyya aka karantar da mu cewa Manzon Allah (S) ya fifita hannun da ke bayarwa a kan mai karɓa. Ina amfanin haddar da ba ta sauko zuwa aljihu ba?

Sannan sai mu zauna a majalisa muna zagin shugabanni, wai sun cika haɗama, wai mutum ya tara abin da jikokinsa ba za su iya cinyewa ba amma maƙwabcinsa na kwana da yunwa. Gaskiya ne, azzalumai ne, kuma Allah zai tambaye su. To amma daga sama suka faɗo? Wancan da ya zauna a kan kuɗin marayu da na 'yan fansho, ai shi ma ya taɓa zama yaro ɗan shekara bakwai da 'yan kwabbai a aljihu, kuma a wani gida aka raine shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Masu kare wannan hali suna da hujjoji, kuma na sha jin su. Ta farko, wai yaro ne, alƙalami bai hau kansa ba. To salla fa, ta hau kansa? Amma a hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito an umarce mu da mu sa yara salla tun suna shekara bakwai. Azumi fa? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Rubayyi'u 'yar Mu'awwizu cewa su matan Sahabbai sukan sa ƙananan yaransu azumin Ashura, su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa ya shagala har lokacin buɗa baki. Ashe an yarda a horar da cikin yaro da gaɓoɓinsa kafin ya balaga, sai aljihunsa ne kawai za a ce a bari sai ya yi gemu? Kuma duk wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san a mazhabar Imam Malik zakka tana hawa dukiyar ƙaramin yaro idan ta kai nisabi, waliyyinsa ne ke fitarwa. Zakkar fidda kai ma haka, sa'i ɗaya, mudu huɗu da mudun Annabi, uba yana fitar wa ko jaririn da ke goye. Shari'a ba ta taɓa cire yaro daga lissafin haƙƙin talaka ba. Mu ne muka cire shi.

Har ma a gidan Manzon Allah (S) an fara wannan karatu tun da ƙuruciya. Sayyidina Hasan yana ƙaramin yaro ya ɗauki dabino ɗaya daga cikin dabinon sadaka ya sa a baki, kakansa (S) ya sa ya fitar da shi, ya kuma bayyana masa cewa su mutanen gidan ba sa cin sadaka. Dabino ɗaya fa! Ba a ce ai yaro ne a ƙyale shi ba. An nuna masa tun a ranar cewa akwai abin da yake rabon wasu ne, ba nasa ba.

A nan dole in yi adalci, domin wani malaminmu ya ja hankalina a kan abu guda. Yaro a fiƙihu ba shi da ikon kyautar da dukiyarsa yadda ya ga dama, kuma dukiyar maraya amana ce, ba a taɓa ta da sunan sadaka. Wannan haka yake, ban ja ba. Amma maganar da muke yi ta kuɗin tara ce, 'yan canjin da kai uba ka zaro daga aljihunka ka ba shi ya sayi awara ko rake a makaranta. Kai ka bayar, kai ke da izini. In ka ce masa, "Cikin naira 200 ɗin nan, ranar Juma'a ka ware naira 20 ka ba wanda ka ga ya fi ka buƙata," wane littafi ne ya hana?

Hujja ta biyu, wai abin ya yi kaɗan, naira 20 me za ta yi wa wani a wannan zamani? Mai faɗin haka ya manta cewa a Muwaɗɗa an kawo yadda Nana A'isha ta ba miskini ƙwayar inabi guda ɗaya, kuma an yi mana umarni da neman tsari daga wuta ko da tsagin dabino ne. Ban da haka ma, da yayyafi kogi kan cika. Aji mai yara 40, kowa ya kawo naira 20 a mako, an sami naira 800. A mako 12 an tara naira 9,600. A Islamiyyar da nake ɗan taimakawa da karantarwa da yamma mun gwada. Muka sayo asusun ƙasa muka ajiye a gaban aji, ba dole, ba rubuta suna. Akwai wata yarinya marainiya da ta daina zuwa saboda kuɗin wata ya taru a kanta, ga hijabinta ya yage. Da aka fasa asusun, yaran da kansu suka ce a biya mata. Ranar da ta dawo aji na ga wani yaro mai ƙiriniya, wanda kullum sai na raba shi faɗa, yana matsa mata wuri a kan tabarma. Ban taɓa koya masa wannan da baki ba.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, wato talauci. Tun da aka janye tallafin man fetur a shekarar 2023 kowa ya san yadda kwanon masara da kuɗin mota suka koma, akwai gidajen da yaro ke tafiya makaranta ba ko kuɗin ruwan leda. Waɗannan ba da su nake ba, Allah ya yaye mana. Su ma ɗin kuwa sau da yawa su suka fi mu kyauta, za ka ga yaro ya gutsura ɗan ƙuli-ƙulinsa ya ba abokinsa. Da kai nake, kai da kake da kuɗin cika wa yaro waya da kati, kai da kake kai shi gidan biki ya tsaya yana kallon kana liƙa wa mawaƙi kuɗi ana tattakawa da ƙafa. A can ba ka ce za ka lalata shi ba. Sai a kan naira 50 ɗin makaho ne ka tuna da zafin nema. Haba!

Kuma me yaron yake gani a ƙofar gidanku? Almajiri sa'ansa ya yi sallama yana neman ko ɗan ƙanzo, a daka masa tsawa daga ciki, ko a ce wa ɗan gida ya je ya kore shi. A 2020, lokacin cutar korona, mun ga yadda gwamnonin Arewa suka riƙa lodin almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, kowa na ture su ga wani. Ko me mutum yake gani game da gyaran karatun allo, kuma yana buƙatar gyara, yaron da ke tsaye da roba a ƙofarka yunwa yake ji yanzu. Suratul Ma'un, wadda ɗanka ya haddace tun yana aji ɗaya, ta haɗa mai tunkuɗe maraya da wanda ba ya kwaɗaitarwa ga ciyar da miskini cikin siffar mai ƙaryata sakamako. Yana karanta ta da yamma, da safe kana aiken sa ya yi abin da ta yi gargaɗi a kai.

Wasu kuma sun mai da sadaka magani kawai. Sai an yi mummunan mafarki, ko jarrabawa ta matso, ko wani malamin tsibbu ya ce a nemo farin zakara, sannan a tuna da ita. Yaron da ya tashi a haka zai ɗauka sadaka ciniki ce da ake yi in an shiga uku. Ga kuma sabon salo, a sa yaro ya miƙa wa miskini leda, a ɗauke su hoto a watsa a Facebook. Wannan riya ake koya masa, an kuma tozarta bawan Allah a kan taliya ƙulli biyu.

Abin da nake roƙon iyaye ba shi da wahala. Kada a ƙwace, kada a tilasta, kada a bar yaro da yunwa a makaranta da sunan lada, domin wanda aka murɗe wa hannu zai tashi yana ƙin abin. A sa masa ɗan kaso da zai iya, a bar shi ya zaɓi wanda zai ba, kuma ya miƙa da hannunsa, da dama, cikin ladabi, ya gaida mutumin. In ya dawo daga yawon Sallah, kafin uwa ta ce kawo in ajiye maka, a tambaye shi nawa ne rabon marayun unguwa. Daren Sallah in ana awon zakkar fidda kai a kira shi ya riƙe buhu, a ce masa wannan mudu huɗun naka ne, ɗauki ka kai gidan wance. Malaman Islamiyya da na allo kuma, yadda ba ku mance da kuɗin Laraba, ku ajiye asusu ɗaya a aji wanda ba na malam ba ne, a fasa shi a gaban yaran, su ga inda kuɗin suka tafi.

Shi kuwa bawan Allahn nan mai shadda, ban san sunansa ba, amma na san yakan sayi jarida a hannunmu wani lokaci. Baba, in wannan ta iso gare ka, ka yi haƙuri da ɗanka da ya yi maka magana a takarda. Tsohon nan yana nan a jikin katangar gabas duk Juma'a, kuma ina kyautata zaton yaronka bai manta da shi ba.