Lasin Dillali Ya Zama Shaidar Amana

Kalmar gwanjo ta daɗe a bakin Bahaushe, amma lasin mai gwanjo baƙo ne, Turawan mulkin mallaka suka zo da shi. A Ingila an aza haraji kan cinikin gwanjo a 1777. A 1845 aka soke shi, aka wajabta wa mai gwanjo yankan lasin na fam 10 kowace shekara, ya kuma kafa allo mai ɗauke da sunansa da adireshinsa a wurin ciniki. Irin wannan doka ce suka shimfiɗa a ƙasashen da suka mallaka, har da Nijeriya.

Da suka ci Kano a 1903, sun tarar da dillalai suna sasanta mai saye da mai sayarwa, suna karɓar la'ada, Sarkin Dillalai kuma yana tsawata wa wanda ya karkace. Hankalin Turawa ya fi karkata ga abin da zai shiga Baitulmali, kamar yadda dokar haraji ta 1906 ta nuna. Tun daga nan talaka ya ɗauki kowace takardar hukuma a matsayin wata hanyar tatsarsa. Wannan ne ya sa jama'a suka yi murna ƙwarai lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979.

Sai dai akwai abin koyi a cikin allon nan na Ingila. Manomin Shanono da ya yi shekara yana kiwon sa guda, idan ɓarayi suka kore shi da dare, a wata kara za a sayar da shi, kuma ta hannun dillali. Yankin yana iyaka da Jihar Katsina, inda satar shanu ta daɗe tana addabar jama'a. In ba a san dillali ba, wa za a tuhuma?

Saboda haka ya kamata ƙaramar hukuma ta yi rajistar dillalan kara a kan kuɗi kaɗan, kowanne ya riƙa rubuta sunan mai dabba da garinsu da kamannin dabbar, dagaci ya tsaya masa. Wanda aka kama da kayan sata a ƙwace lasinsa. In kuwa aka tsawwala kuɗin, ciniki zai koma bayan gari, ɓarawo ne zai ci riba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.