Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

Ina neman gafara in ɗan yi magana a kan wata irin jarrabawa wadda ba a yin ta da alƙalami, ba mu kuwa shirya mata a kwalejin nan yadda ya kamata.

A zamanin nan, in mutum ya nemi aiki a banki ko wani babban kamfani, ko ya nemi shiga waɗansu manyan makarantu, ba kullum takardar shaida ta ke isa ba. Sau da yawa a kan tara masu nema, kamar mutum shida ko takwas, a zaunar da su kewaye da tebur, a ba su wata matsala, a ce su yi shawara su kawo amsa ɗaya cikin minti 20 ko rabin sa'a. Ba a naɗa musu shugaba. Masu jarrabawa su koma gefe da takardunsu, ba su cewa uffan, sai kallo da rubutu. Abin da na ke so in nuna shi ne, mu 'yan ƙasar Mubi muna da rabin abin da a ke nema a wurin nan tun daga gida, sauran rabin ne ba a koya mana ba, shi ne kuwa ya kan hana mu aikin.

Wannan dabara ba ta jiya ba ce. Sojan Jamus ne suka fara gwada irinta wajen zaɓen hafsoshi tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Cikin 1942 sojan Ingila suka kafa nasu kwamitocin zaɓe, domin sun ga ganawar 'yan mintoci ba ta isa a gane wanda zai iya jan mutane ba. Wani likitan hankali, Wilfred Bion, shi ya kawo shawarar a bar masu nema ba shugaba, a ga abin da kowa zai yi. Abin da ya ke dubawa shi ne ko mutum zai iya haɗa bukatar kansa, watau a zaɓe shi, da bukatar jama'ar, watau aikin ya kammala. Cikin 1945 aka ɗauki dabarar wajen zaɓen manyan ma'aikatan gwamnatin Ingila, daga nan ta bazu cikin kamfanoni har ta iso mana. To, tun asali ba gasar surutu ba ce.

Yanzu mu dubi kanmu. Ko Gude ne mutum, ko Fali, ko Margi, ko Bafillace, ko Bahaushe, tarbiyya ɗaya muka sha: yaro ba ya katse babba, ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa, ba ya yabon kansa. Fulani suna lissafa wannan kunya, wadda su ke kira semteende, cikin ginshiƙan pulaaku, tare da munyal, watau haƙuri, da hakkiilo, watau hankali. Ba ni da abin cewa game da wannan tarbiyya sai yabo. Wanda ya tashi cikinta ya iya saurare, saurare kuwa shi ne abin da masu yawan baki su ka rasa. Amma mai jarrabawa ba ya duba. Abin da bai ji ba, ba zai rubuta ba. In yaronmu ya zauna minti 20 yana jiran a ce masa bismilla, zai tashi takardarsa fara fat, alhali watakila ya fi kowa sanin amsar. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Kada wani ya ce mutanenmu ba su iya shawara ba. Sunan unguwar Lamorde kansa, da Fillanci, wurin sarauta ke nan, a fada kuwa shawara ita ce aiki. Cikin 1959, da kuma 1961, Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi kakanninmu da ƙuri'a inda ƙasar nan ta dosa. A karo na biyu suka zaɓi Nijeriya a kan Kamaru, ran 1 ga Yuni 1961 aka haɗe, aka sami Lardin Sardauna, Mubi ce hedkwatarsa. Jikokin mutanen da aka ɗora wa irin wannan babbar magana bai kamata tebur na mutum takwas ya rufe musu baki ba.

Akwai kuma wani cikas na biyu, shi daga makaranta ya fito. Ni a makarantar mishan na yi karatu, can aka koya mana muhawara, na kuwa gode. Amma muhawara gefe biyu ce: kai ka kare naka, ka ka da abokin gaba, alƙali ya ce wane ya ci. Wanda ya shiga tattaunawar neman aiki da wannan hali, yana ƙirga mutum nawa ya kayar, shi ne farkon faɗuwa. Mai kamfani ba ɗan kokawa ya ke nema ba. Yana neman wanda za a zauna ofis ɗaya da shi shekara goma ba a yi faɗa ba, aiki kuma ya ci gaba.

In kuna son ganin gwanin abin, ku je kasuwar shanu ta Mubi ku dubi dillali. Mai sa ya ce albarka, mai saye ya juya zai tafi. Dillali bai fi su murya ba. Ya ji abin da wannan ya ke so, ya ji na wancan, ya jawo ɗaya, ya lallashi ɗaya, har a sallama. In ba a sallama ba, ba shi da la'ada, kome daɗin bakinsa. Haka tattaunawar nan ta ke: in jama'ar ba ta kai ga amsa ba, kowa ya yi hasara.

To, yaya mutum zai yi? Da fari ya tabbata ya gane tambayar, gama sau da yawa mutane su kan kama gardama a kan abin da ba a tambaye su ba, wanda ya komo da su kan hanya kuwa ya riga ya yi abin kirki. Na biyu, ya sa baki tun da wuri, ko da jimla biyu ce, domin shiru in ya daɗe nauyi ya ke ƙarawa. Na uku, ya ɗora maganarsa bisa ta wani, ya ambaci sunansa, ya ce ga inda na yarda, ga inda na ke ganin gyara, ga dalilina. Na huɗu, in ya ga wani bai sami fili ba, ya ce mu ji ta bakin wane. Na biyar, ya riƙa duban agogo, in lokaci ya kusa, ya tattara abin da aka yarda a kai ya faɗa a taƙaice. Duk cikin biyar ɗin nan babu rashin kunya ko ɗaya.

Na san da Turanci a ke yin abin, yawancinmu kuwa Turanci shi ne harshe na uku ko na huɗu. Kafin mutum ya juya tunaninsa daga harshen gida zuwa Turanci, magana ta wuce. Maganin wannan gajerun jimloli ne. Ba manyan kalmomi a ke ba maki ba, ma'ana a ke nema.

Waɗansu za su ce dabarar ba ta da adalci, ta fi taimakon 'yan birni waɗanda su ka saba magana gaban manya. Akwai gaskiya a nan, musamman ga 'yan'uwanmu mata, waɗanda aka fi matsa wa da kunya. Ya kamata masu jarrabawa su san al'adun waɗanda su ke gwadawa. Amma ba za su daina ba don mun yi gunaguni. Waɗansu kuma za su ce aiki sai da hanya. Ko da haka ne a wani wuri, wanda ba shi da kowa ai ba shi da abin dogara sai shirinsa.

Saboda haka ina roƙon hukumar kwaleji ta keɓe mana sa'a ɗaya kowane mako. A raba mu takwas takwas, maza da mata, ba shugaba, biyu su zauna gefe suna rubuta wanda ya yi magana, da wanda ya katse, da wanda ya jawo wani. A ba mu matsalolin da mu ka sani: aji mai yara da yawa da littafi kaɗan, ko ruwan sha da rani, ko ɓarnar kogin Yedzaram da damina. Sa'an nan in mun fita koyarwar gwaji, a Lamorde ko wani wuri, mu yi haka da yaranmu, mu bar su su yi shawara ƙungiya ƙungiya maimakon su yi ta maimaita abin da mu ka rubuta a allo. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Yaron da ya saba faɗin ra'ayinsa da ladabi tun yana aji huɗu, ba tebur ɗin da zai firgita shi.

Mu malamai ne na gobe. In mu ba mu iya ba, wa zai koya musu? Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya taimake mu, amin.