Tallafin wata uku ba ya warkar da rashin aikin shekaru

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar 2020 kashi 33.3 cikin ɗari na majiya ƙarfi a Nijeriya ba su da aikin yi. Da aka sauya ma'auni a 2023, adadin ya faɗo zuwa kashi 4.1, domin yanzu wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako ma ana lissafa shi cikin masu aiki. Takarda ta yi kyau, tukunya kuwa tana nan yadda take.

Hukumar nan dai ce ta bayyana a 2022 cewa yara biyu cikin kowane uku suna cikin talauci. Wanda ya san Kakuri a Kaduna ba zai yi mamaki ba. Masaƙu sun rufe, an sallami magidanta, wasu har suka rasu suna jiran haƙƙinsu. 'Ya'yan da aka cire daga makaranta a lokacin, aka ɗora musu talla, su ne iyayen yau, kuma abin da suka gada shi suke miƙa wa nasu.

A kan irin wannan ciwo ne gwamnatin tarayya ta yi alƙawarin naira 25,000 a wata, na wata uku kacal, ga gidaje miliyan 15 bayan cire tallafin man fetur. Yaro ba ya gama girma cikin wata uku.

Ya kamata Majalisar Tarayya ta mayar da tallafin doka, a riƙa biyan sa kowane wata a hannun uwa, gwargwadon yawan 'ya'yanta, har ƙaraminsu ya kammala firamare.