WAI 'YAR NIJAR CE



Wata ƙanwarmu ce ta rubuto daga Jibiya tana kuka. Wai dangin saurayinta sun ce ba za a kawo musu "'yar Nijar" ba, wata gwaggonsa har da cewa Buzuwa ce. Alhali a Jibiya aka yanke mata cibiya, iyayenta ne suka tsallako daga Maraɗi. In ta je gaida kakarta kuma, sai a ce ga 'yar Najeriya ta iso. To ita ta ina ce ke nan?

Ni dai abin dariya ya ba ni, sannan ya ba ni haushi. Su wa suka kafa Maraɗin? Katsinawa ne fa! Bayan birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, gidan sarautar da aka kora ne ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi, kuma har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu. Layin da ke tsakanin Magama da Ɗan Isa kuwa Turawan Ingila da na Faransa suka shata shi, ba su tambayi kakan kowa ba. Can a ce lakwal, nan mu ce makarantar boko, amma tuwon ɗaya ne.

Sannan Nijar ba ƙabila ba ce. Akwai Gobirawa, Adarawa, Zabarmawa, Barebari, Fulani da Buzaye, kowa da asalinsa, kuma zama Buzuwa ba abin kunya ba ne. Mu ma ai muna shan irinta: a Makka duk Takari ake ce mana. A Amurka ma masu jin Sifaniyanci, ɗan Meziko da ɗan Kuba, gwamnati ta tattara su ƙarƙashin suna ɗaya, Hispanik, a ƙidayar 1980, da yawansu kuwa sun fi son a kira su da sunan ƙasar iyayensu.

Ke kuma ƙanwata, share hawayenki. Kada ki kuskura ki ɓoye Maraɗi don a so ki, auren zai zo da biki da suna, dangi za su cika mota su zo. Ki bari baffanninki su zauna da manyansa su faɗi gidan da kuka fito. Shi kuma saurayin ki zuba masa ido, ki ga ko zai iya buɗe baki gaban gwaggon nan.

Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.