Daga Madafa: Liƙe Bakin Jiyawzi



Tun da aka kammala madatsar ruwan Lagdo a 1982 mutanen Garwa suka san aikin Sinawa, amma ba kowa ya san abincinsu ba. Akwai wanda suke kira jiyawzi: kwaɓin fulawa ne da ake cusa wa niƙaƙƙen nama, a dafa a tafasasshen ruwa har ya taso, tamkar ɗan wakenmu. Galibi da naman alade suke yi, Musulminsu 'yan ƙabilar Hui kuwa da na rago ko na sa. Saboda haka muka fi son a yi shi a gida.

Wahalarsa tana wurin liƙe baki. A murza kwaɓin ya yi faɗin da bai kai tafin hannu ba, tsakiya ta fi gefe kauri. A zuba nama ƙaramin cokali ɗaya tak. Mu da muka cika hannu ran farko, romo muka kwashe daga tukunya, ga nama da tsada! Kada maiƙo ya taɓa gefen, domin ba zai kama ba. A shafa masa ruwa da yatsa, a ninka biyu kamar jinjirin wata, a fara matse tsakiya, sannan a bi gefe da ƙananan ninki har ba sauran kafa.