Abin da Ya Sa Gwanayen Dambe Suke Daɗewa a Fage

A ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, inda sunan Shago bai gushe ba daga bakin dattawa saboda waƙar da Ɗan Anace ya yi masa, an ɗauki dambe sana'ar ƙuruciya. Da zarar furfura ta leƙo, sai mutum ya kwance zare, ya koma gefen fage yana yi wa yaransa ɗauri. Damben Turawa ma galibi haka yake a dā. Hogan Bassey, mutumin Kalaba, ya ci kambun duniya a Faris cikin 1957 yana da shekara 25, ya kuwa bar dambe cikin 1959. Muhammad Ali ya zama sarkin masu nauyi cikin 1964 yana da shekara 22, Mike Tyson kuma cikin 1986 yana da 20.

Sa'an nan al'amari ya juya. George Foreman ya sake ɗaukar kambun masu nauyi cikin 1994 yana da shekara 45. Bernard Hopkins ya ci wani kambu cikin 2013 yana da 48. Ran da aka taru a Riyad cikin 2024 domin a san wane ne gaba a masu nauyi, Oleksandr Usyk, wanda ya yi rinjaye, shekararsa 37, Tyson Fury kuwa 35.

Waɗansu suna cewa abinci ne da likitoci. Lalle akwai wannan, gama gwiwa ko kafaɗar da a dā kan raba mutum da fage, yanzu ana yi mata aiki ta warke. Amma babban sababi shi ne yawan naushin da kai yake ɗauka. Sugar Ray Robinson ya yi dambe wajen 200 tsakanin 1940 da 1965, wani lokaci sau biyu cikin wata guda, domin kuɗin kowane dambe ba ya kai shi nesa. Usyk kuwa, karonsa da Fury shi ne na 22 tun da ya shiga damben kuɗi cikin 2013. Ko da yake ya daɗe a damben share fage kafin nan, wancan gajere ne, turmi kaɗan ake yi a tashi. Manyan gwanaye yanzu sau ɗaya ko biyu suke fita a shekara, ladan ya ishe su. Har wa yau, bayan rasuwar Kim Duk-koo na Koriya cikin 1982, an rage turmin damben kambu daga 15 zuwa 12, kuma wanda aka sumar akan hana shi fage na makonni sai likita ya yarda.

To, wayon dambe ba ya nuna sai da shekaru, watau sanin tazara, da karanta kafaɗar abokin karawa tun hannu bai taso ba, da haƙurin jiran kuskurensa. Tamkar tilawa ce, wadda ba ta zauna wa almajiri sai ya daɗe yana maimaici. Mutanen dā jikinsu yakan ƙare kafin wannan wayo ya iso. Na yanzu sun yi tattalin kai, sai wayo ya zo ya iske ƙarfi bai tafi ba.

Abin lura shi ne, damben gargajiya na ƙasar nan yana da nasa tattali tun asali, ko da ba a rubuta shi ba. Wasan kaka ne. Rundawa su bi garuruwa da kalangu bayan an kai amfani gida, a yi turmi uku a raba, in damina ta faɗi kowa ya koma gona ko mahauta. Watannin nan na noma su ne asibitin ɗan dambe, ciwon da ya samu da rani ya warke kafin wata kaka.

Wannan hutu shi ne ya ɓace. Gidajen dambe na manyan birane ba su san rani ko damina ba, ana karɓar kuɗin ƙofa ana kuma ɗaukar hoto domin masu kallo ta waya. Rashin zaman lafiya da ya dami Zamfara ya raba samari da yawa da gonakinsu, waɗansu suka sami abin ci a fage. Yaron da abincinsa na yau yake rataye da karin da 'yan kallo za su yi masa, ba shi da ikon cewa kansa yana juyawa. An kashe shi jiya, yau an ɗaure masa hannu, alhali kuwa zare ba safar hannu ba ne, babu auduga a ciki. Layu da guraye, duk yawansu a damtse, ba su hana ƙwaƙwalwa girgiza.

Saboda haka nauyi yana kan sarakunan dambe da shugabannin ɓangarori, Kudu da Arewa da Guramaɗa da Jamus, tun da su ne yara suke jin maganarsu. Kowane gida ya ajiye littafi, a rubuta sunan wanda aka kai ƙasa da ranar da abin ya faru. Wanda ya suma kada a ɗaure masa hannu sai bayan wata guda, likita ya duba shi, a kuma fitar masa da kuɗin abinci na kwanakin nan daga kuɗin ƙofa.